Kalma Biyu Na Turanci Sun Ci Buhun Shinkafa

Yau ina so mu yi magana a kan wani baƙo da ya shigo ɗakunanmu ba sallama, ya kuwa sami wurin kwana har ƙarƙashin matashin kai. Wayar hannu nake nufi. Baƙon nan kuwa Turanci ne a bakinsa, ko muna ji ko ba ma ji.

Bari in fara ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da hutun da ya wuce na bar Birnin Kebbi na tafi Argungu wurin gwaggona. Tana da wata maƙwabciya, baiwar Allah mai neman na kanta, wadda sana'arta ita ce ta sayi shinkafar fadama ta turara, ta shanya, a casa, ta sayar daga cikin gida. Ran nan sai wani saurayi ya yi sallama, ɗanta ya fita suka yi ciniki buhu guda. Ya ce ba shi da tsabar kuɗi, amma zai tura ta waya. Ba a jima ba sai wayarta ta yi ƙara, ga saƙo da Turanci, ga sunanta, ga adadin kuɗin daidai. Ita ba ta yi boko ba, sai ta miƙa wa ɗiyarta da ke aji uku na ƙaramar sakandare. Yarinya ta duba ta ce, "Inna, sun shigo." Aka aza wa mutum buhu bisa babur, ya yi gaba. Kashegari aka aika wurin mai POS a ciro kuɗin, aka tarar ba ko kwabo.

Da suka ji an ce wata malama ta zo, sai suka kawo mini wayar. Abin da ke rubuce shi ne "Your account will be credited". Yarinyar nan ta ga kalmar ƙarshe ta gane ta, don ta saba ganinta duk lokacin da kuɗi suka shigo, amma ta tsallake ƙananan kalmomi biyun da ke gabanta. "Will be" ma'anarsa za a yi. "Has been" shi ne an riga an yi. Watau abin da ke tsakanin "an biya" da "za a biya", wanda ko yaron goye ya san ba ɗaya ba ne in da Hausa aka faɗa. Tana kuka tana ce mini, "Wallahi Malama, ba a taɓa gaya muna ba." Na tabbata an gaya musu. Abin da ba a gaya musu ba shi ne darasin nan zai biyo su har gindin murhu.

Kada wata ta ce to, daga yau in na ga "has been" shi ke nan. A'a. Saƙon nan ma daga wata lamba ta mutum ya fito, ba daga banki ba, kuma macuci yana iya rubuta duk abin da ya ga dama. Kada kaya su bar ƙofar gida sai kin duba abin da ke cikin asusunki da kanki kin ga ya ƙaru. Amma dai da an karanta jimlar nan yadda ya kamata, da ita kaɗai ta isa ta sa a ce wa mutumin dakata.

A zamanin iyayenmu, Turanci abin ofis ne da makaranta da asibiti. Mace tana iya aure ta haifi 'ya'ya ta aurar da su ba ta taɓa bukatar kalma ɗaya ba. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, da fari sai manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, yau kuwa har mai ƙosai tana da tata ɗaure a bakin zane. Abin da ya ƙarasa tura mu ciki shi ne canjin kuɗin farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, mai so da marar so. Tun daga nan waɗansu kalmomi suka zama kamar gishiri a gida. "Credit" an saka miki, "debit" an cire miki. "Pending" abin yana rataye, bai tafi ba bai dawo ba. "Failed" bai tafi ba. "Reversed" an mayar wa mai shi. "Sending" ana cikin turawa, "sent" an tura. Ku dubi waɗannan biyu na ƙarshe da kyau, don a nan gizo ke saƙa.

Abin da ke ba mu wuya a nahawun Turanci ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ginin harshen ne ya saɓa da namu. Mu a Hausa, lokacin da aka yi aiki yana zaune ne a 'yar kalmar da ke gaban aikatau. Na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kun ga "tafi" yana nan yadda yake, bai motsa ba. Bature kuwa aikatau ɗin kansa yake murɗawa: "go", "goes", "went", "gone", "going", wani lokaci kuma ya jera masa mataimaka biyu ko uku a gaba. Saboda haka idon Bahaushiya ya saba da cewa in ta gane aikatau ta gane magana, ba ta damu da wutsiyarsa ba. Shi ya sa za ki ga ɗaliba mai hazaƙa ta rubuta "She go to market yesterday" hankalinta kwance, domin a ganinta "yesterday" ta riga ta faɗi lokacin, me kuma za a ƙara? Haka kuma muna da kalmomin da ɗaya ke aikin huɗu. Mu kan ji magana, mu ji ƙamshi, mu ji zafi, mu ji Turanci, duk da "ji" guda. In yarinya ta ɗauko wannan ta kai Turanci sai ta ce "I am hearing the smell", a yi mata dariya ba ta san laifinta ba. Haka "ara mini" ke komawa "borrow me", alhali su mai bayarwa da mai karɓa kowa da kalmarsa, "lend" da "borrow".

To, ina waya ta shigo cikin wannan? Ni malamar Turanci ce, littattafan 'yan mata nake dubawa kullum, kuma ina iya gane mai yawan hira a waya tun daga layin farko. "Am fine" ba tare da "I" ba. "U" a maimakon "you". "Bcos", "pls", "2moro". Ba babban baƙi a farkon jimla, ba aya a ƙarshe, magana ta yi ta zuba kamar ruwan Agusta. In na tambaya sai su ce ai Malama a waya ne kawai muke haka. Hannu kuwa ba ya sanin waya daban takarda daban. Abin da ya yi sau ɗari a rana shi zai yi ranar jarrabawa, sa'ad da agogo ke gudu, gaba na faɗuwa.

Ku tsaya in gaya muku abin da wannan ke ci. A jarrabawar WAEC ana so ɗaliba ta rubuta insha'i na kalmomi wajen 450, makinsa 50. Daga ciki an ware 10 don tsabtar rubutu kawai, watau nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin tsayawa, kuma kowane kuskure ɗaya rabin maki yake ci. Ku lissafa da kanku. Kuskure ashirin ya cinye goman nan tas. Yarinyar da ta saba da "u" da "am" tana iya zubar da su tun ba ta kai tsakiyar shafi ba. Ga shi kuwa ƙa'idar shiga jami'a kiredit biyar ne, Turanci a ciki. Ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take so, wadda aka kafa a 2013, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, Turanci na cikin abin da za a fara dubawa. Mu kuwa kullum kukanmu shi ne ba mu da isassun malamai mata da ungozoma mata daga cikin ɗiyanmu. Sau nawa muka ga yarinya ta ci kowane darasi, Turanci ya riƙe ta shekara biyu, har maganar aure ta taso karatun ya tsaya nan?

Wata za ta ce ai waya tana gyara rubutu da kanta. Gaskiya ne, tana gyara kalmar da ba ta cikin ƙamus. Amma in kika rubuta "live" kina nufin "leave", ko "there" kina nufin "their", sau da yawa ƙyale ki za ta yi, don duka kalmomi ne na gaskiya. Abin da ya fi wannan muni shi ne gyaran da ta yi miki a ɓoye. Kin rubuta ba daidai ba, ta gyara kafin ki ƙifta ido, kin aika, ke a zatonki kin iya. Shekara uku kina kuskure guda ba ki taɓa ganinsa ba. Sa'an nan yawancin wayoyin nan da Turancin Amurka suke zuwa, su rubuta "color" da "center", littattafan makarantunmu kuwa na Ingila suke bi, "colour" da "centre". Wannan mai sauƙi ne, a shiga wurin saitin harshe a mayar da shi na Ingila.

Akwai kuma masu fassara. Tun cikin Disambar 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa, kuma ba na musun amfaninsa. Na ga matar aure ta gane takardar asibiti da shi ba tare da ta tona asirinta ga ɗan maƙwabta ba. Amma ku gwada shi ku gani. Bature "you" ɗaya gare shi, mu muna da kai, da ke, da ku. Na'urar ba ta ganin wanda ake wa magana, sai ta zaɓi ɗaya, sau da yawa ta mai da mace namiji. In kika ba ta karin magana kuwa, kada ki yi mamaki in ta dawo miki da abin da ko mai shi ba zai gane ba. Daga ƙarshen 2022 kuma aka sami ChatGPT da ire-irensa, waɗanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, masu rubuta insha'i sukutum cikin daƙiƙa kaɗan. Na taɓa ba 'yan ajina aikin gida, su rubuta wa ƙawa wasiƙa a kan bikin kamun kifi na Argungu. Wata ta kawo mini Turanci santala-santala, ba kuskure ko ɗaya. Yarinyar nan haifaffiyar Argungu ce, ta san Matan Fada, ta san homa da gora, ta san yadda gari ke cika har ba masaka tsinke, amma ba ko ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙarta. Na ce ta karanta mini layi na biyu ta faɗi ma'anarsa, sai ta sunkuyar da kai. Wata kuma ta kawo nata da kuskure goma sha, amma ta ba ƙawarta labarin yadda kawunta ya fito daga ruwa da giwan ruwa a kafaɗa. Ita na fi ba maki, na kuma zauna da ita muka gyara kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Ta farkon ba ni da abin da zan gyara mata, don ba ta rubuta komai ba.

Kada ku ɗauka cewa nake a ƙwace waya a jefa rijiya. Ko an so ba zai yiwu ba, domin ƙofar jami'a ma yanzu ta kwamfuta ake shiga. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda da fensir gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, wanda wajibi ne a kan kowa, sauran darussa uku kuma arba'in-arba'in. In kun raba, daƙiƙa 40 ke ga kowace tambaya. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta ga masu rubutawa daga waje a 2024, a 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ce nufin gwamnati shi ne WAEC da NECO duka su koma can. A nan ne nake jin tausayin 'yan matanmu. Namiji yana fita, yana zama shagon masu kwamfuta, yana taɓa ta abokinsa. Mace kuwa, musamman wadda ta fito daga ƙauyukan bakin fadama, sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da ta zauna gaban kwamfuta. An taso da ita tun asuba, ga zafin Afrilu, ga tsoron kada ta taɓa wani abu ya lalace. Minti goma na farko a rawar hannu suke tafiya.

Alhali abin ba wuya. Ba sai ta iya riƙe linzamin kwamfuta ba. A, B, C, D su ne na zaɓen amsa, N ta kai ta tambaya ta gaba, P ta mayar da ita baya, S kuwa ta miƙa aiki ce, kada ta kusance ta sai ta gama. Hukumar kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske ga wanda ya nema lokacin rajista. Iyaye, don Allah in da hali a biya wa yarinya wannan. Kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa, NIN, wadda ake aikawa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a sami lambar rajista. A yi wannan da layin da yake na gida, wanda ba zai ɓata ba, kada a ari na mai shago, domin duk saƙon da zai biyo baya ta layin nan zai zo.

Su ma na'urorin ba ma'asumai ba ne, shekarar 2025 ta nuna mana. A watan Mayu shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa an sami tangarɗa a na'urorinsu, ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas suka sake rubutawa. A watan Agusta kuma WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen duba takardar canki-canka ta Turanci, adadin ya koma kusan kashi 63. Ku yi tunanin gidajen da aka kwana ana kuka a tsakanin nan. In na manyan hukumomi sun yi haka, ina ga 'yar wayar da ke hannunki?

Ga yadda nake gaya wa ɗalibaina. Waya kamar malami ne mai ilmi da yawa amma marar kula, in kin ce ya yi miki aikin zai yi, in kin ce ya koya miki zai koya, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Saboda haka ki fara rubuta naki da biro a littafi, da kurakuranki da komai. Sa'an nan ki nuna masa ki ce ya nuna miki inda kika kuskure, ya kuma faɗi dalili. Ki kwafe jimlar da aka gyara da hannunki, ki ƙirƙiro biyu irinta a kan abin da ke gabanki, tukunya ko rijiya ko ƙanenki. In abin da ya faɗa ya saɓa wa littafin makaranta, ki kawo wa malamarki, matambayi ba ya ɓata. Inda waya ta fi mu malamai kuwa, ban ji kunyar faɗa ba, shi ne furuci. Mu Hausawa "p" da "f" sun daɗe suna ba mu kashi, mu ce "fan" muna nufin "pan", mu ce "full" muna nufin "pull". Ƙamus na cikin waya zai furta miki kalma sau hamsin ba ya gajiya ba ya tsaki, kuma akwai waɗanda in an sauke su sau ɗaya ba sa ƙara cin data. BBC Learning English da British Council suna da darussa kyauta. Minti goma sha biyar a rana bayan an gama wanke-wanke ya fi awa uku ranar Lahadi.

Ku kuma 'yan'uwana matan aure, kada wadda ta ce ni ban yi boko ba, ba ruwana. Ba sai kin iya Turanci za ki gane ɗiyarki karatu take ko hira ba. In ta ce aikin makaranta take yi da wayarki, ki ce ta zauna kusa da ke, littafi buɗe, biro a hannu. In yatsa kawai ke tafiya, murmushi na fita, ke ma kin san ba nahawu ke ba ta dariya ba. Ki lura da zaurukan WhatsApp da ake kira na koyon Turanci ko na amsoshin jarrabawa. Akwai na kirki waɗanda malamai ke riƙe da su, akwai kuma inda wani ƙato zai bi yarinya ta gefe ya ce zai koya mata ita kaɗai, ko ya ce a turo kuɗi ya ba da amsa. Ki san wanda ya buɗe zauren, maigida ma ya sani. Sa'an nan wannan saƙon murya da muka rungume, ba laifi ga wadda ba ta iya rubutu ba, rahama ce gare ta. Amma ke da kika gama sakandare kafin a kawo ki ɗaki, kin lura rabonki da rubuta cikakkiyar jimla, ko ta Hausa? Wuƙar da ba a yanka da ita tsatsa take. Ki riƙa rubutawa, ko da saƙon cefane ne.

Kafin in baro Argungu na zauna da uwar nan da ɗiyarta bisa tabarma, na yago takarda daga littafin yarinyar, muka rubuta da manyan baƙaƙe: "has been", an yi, "is being", ana cikin yi, "will be", za a yi. A ƙasa muka jera sauran kalmomin banki da ma'anarsu, muka ƙara da cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake. Uwar ta sa aka liƙa takardar a bango kusa da inda take ajiye mudu. Buhun dai bai dawo ba. Amma gwaggona ta aiko mini cewa yanzu duk saƙon da ya shigo sai uwar ta sa yarinyar ta karanta shi da ƙarfi tun daga kalmar farko, tana bi da yatsa, ita kuma tana duban bango. Har matan unguwa biyu sun zo sun kwafi takardar.

Wadda ke da wani saƙon Turanci da ya ɗaure mata kai, ta kwafo shi yadda yake, ban da lambar asusu da suna, ta aiko wa wannan fili, in Allah ya yarda za mu warware shi tare a fitowa ta gaba.